Littafi Mai Rigar Jar Fata

Mahaifina baduku ne a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Rumfarsa ba ta da nisa da fada, ƴar ƙarama ce, mutum uku suka zauna ta cika. A nan yake ɗinka gafaka da alabe da kuben wuƙa da layu, in salla ta ƙarato kuma a kawo masa gyaran kayan doki saboda hawa. Yakan sayo fata wurin majema, ya rina ta da karan dafi har ta yi ja wur. Ya yi karatun allo, yana rubuta ajami, da shi ma yake riƙe lissafin masu cin bashinsa. Boko kuwa ko baƙi ɗaya bai sani ba.

Ni ne ɗan da aka kai lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu. Duk karatunmu da Faransanci ne, wanda ya kuskura ya yi Hausa a aji sai a rataya masa sambol a wuya, ya yini yana neman wanda zai sauke wa. A garin nan namu aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyar da yara da Hausa, tun 1973, amma ni ba can rabona ya faɗa ba. Har na kai shekara 11 ban taɓa ganin harshen da nake magana da Inna a buge cikin littafi ba. A tunanina na lokacin, Larabci na Alƙur'ani ne, Faransanci na littafi ne, Hausa kuma ta baki ce, sai ƴan takardun bashin Baba.

Da daminar 1981 kawuna, ƙanen Inna, wanda ke yaron mota a hanyar Kano ta Matamaye da Daura, ya dawo daga tafiya ya jefo mini wani abu a cinya. Ya ce, "Ungo, ɗan lakwal. A tasha na tsince shi, ka duba ko da abin amfani ciki." Littafi ne da ya sha wuya. Ba bango, shafukan farko sun tafi, na ƙarshe ma ruwa ya ci su. Babu sunan littafin, babu sunan wanda ya rubuta shi. Na buɗe na ga baƙaƙen da na sani, amma da na haɗa su sai na ji ba Faransanci ba ne.

Da dare na zauna kusa da fitila a rumfar Baba ina ƙoƙarin karantawa a fili, da irin bakin da mushe, wato malaminmu na lakwal, ya koya mana. Inda aka rubuta "ciki" sai in ce "siki". Ƴan ƙugiyoyin da ke kan wasu baƙaƙe kuwa na ɗauka dattin tawada ne. Baba yana ta ɗinkinsa, bai ɗago ba. Can na iso wani wuri na ce, "ya kare." Sai ya ajiye basilla.

"Wane kare kuma? Ya ƙare dai. Kai, yaro, wannan abin Hausa ce kake karantawa?"

Na ce, "Da alama, Baba."

Ya ce, "To duba da kyau. Ko a ajami kaf daban, ƙaf daban. Mai rubutun nan ba zai rasa sa wata alama ba."

Na matso da fitila, sai ga ƴar ƙugiyar a saman baƙin. Daga daren nan muka kama. Ni ke da ido, shi ke da kunne. In karanta a karkace, shi ya saurari inda maganar ta dosa ya miƙar da ita, ni kuma in riƙe yadda baƙin yake. Ba a yi mako biyu ba bakina ya sake. Duk inda aka tambaye ni wanda ya koya mini karatun Hausa a boko, sunan Baba nake faɗa, kuma gaskiyar ke nan.

Littafin labarai ne a bakin wani aku, yana ba ɗan sarki su ɗaya bayan ɗaya don ya riƙe shi a gida kada ya fita. Bayan lisha sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Inna ta zauna da ƙannena, yaron rumfar Baba wanda ke koyon sana'a ya jingina da bango, wani dare har maƙwabta su leƙo. Baba ba mutum ne mai yawan dariya ba, amma na ga ya yi dariya har yana share ido da hannun riga. In labari ya ƙare yakan sa a tsaya, ya tambayi kowa wa ya fi wauta, wa ya fi gaskiya, a yi ta gardama har man fitila ya yi ƙasa.

Wata rana na dawo daga lakwal na tarar ya yi wa littafin riga. Jar fata ce ta akuya, mai laushi, irin wadda yake ajiye wa manyan masu saye. Ya ɗinke gefenta da ɗinkinsa da aka san shi da shi, layi biyu a jere da ɗan ƙulli a kowace kusurwa. Wani malami maƙwabcinmu ya ce ai irin wannan hidima littattafan addini ake yi wa. Baba ya ce, "Gafarta Malam, ban yi masa gafaka ba. Riga na yi masa. Abin da ke ɗauke da magana irin wannan bai kamata ya zauna tsirara ba." Duk daren da muka tsaya, sai ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta ranar da ajami a gefen shafi, don kada gobe a yi musu.

Da yake ba mu san sunan marubucin ba, Baba ya sa masa "mai aku". In na rufe littafi sai ya ce, "Mai aku, in kana raye Allah ya ƙara maka basira, in ka riga mu Allah ya jiƙanka." Mu ce amin. Mun karance littafin daga inda ya fara zuwa inda ya yage ya fi sau uku, addu'ar nan ba ta taɓa faɗuwa ba.

Sai shekarar 1984 ta zo. Damina ta ƙi, gonaki suka ƙone, dabbobi suka yi ta faɗuwa. A watan Afirilu na shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta ta kuma canza kuɗinta, shi ya sa mutanenmu suka sa wa yunwar suna El Buhari, da sunan shugaban Najeriya na lokacin. Mutanen Damargu, yankin da ke arewa da mu, da na ƙauyukan kewaye suka kwararo gari suka yada zango a bayan unguwanni. Fataken da ke sayen kayan Baba su kai Kano suka daina zuwa. Wa zai sayi alabe alhali ba shi da abin zubawa ciki? Gidanmu aka koma cin abinci sau ɗaya a yini, wata ranar ma kunu ne tsararo.

Abin da na yi, shekara 21 na yi ban faɗa wa kowa ba. Wata Alhamis, ranar da Kasuwar Dole ke ci, na sa littafin cikin riga na fita kamar za ni kolej. Akwai wani mai shimfiɗa tsofaffin takardu a ƙasa. Ya jujjuya shi, fatar ce ta ja shi, ya ba ni dala arba'in, wato faran 200. Na sayi garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari. Da a ce gida na nufa da su kai tsaye, da wataƙila zuciyata ta sama mini uzuri. Amma bayan duwatsun Birni na zagaya, na jiƙa garin na ci ni kaɗai har na ƙoshi, alhali na san ƙanwata ta kwana tana kukan yunwa. Ɗan abin da ya rage na kai wa Inna na ce wani abokina ya ba ni.

Da dare Baba ya ce, "Yaro, ɗauko mana mai aku, ko ma manta da ciki."

Na ce ya ɓace a kolej, na neme shi ban gani ba. Ya dube ni na ɗan lokaci. Ya ce, "To. Allah ya sa ya faɗa hannun mai karantawa." Bai sake tayar da maganar ba. Hirar dare ta mutu a gidanmu daga ranar. Sau da yawa nakan zo bakin rumfa da niyyar in faɗa masa, in tarar da baƙo, ko in ga ya gaji, in ce sai gobe. A 1987, shekarar da Janar Seyni Kunce ya rasu, Baba ya kwanta ciwon da bai wuce kwana goma ba, Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in aka rufe rumfa, yaronsa ya kwashe ƴan kayan aikin da Inna ta bar masa ya yi arewa.

Sai a 1990 na san sunan mai aku. Na je Kano karo na farko, ina ratsa masu sayar da littattafai na ɗauki wani ina dubawa haka nan, sai idona ya faɗa kan layin da na haddace tun ina yaro. Na juya bango: Magana Jari Ce, na Abubakar Imam. Ashe littafi uku ne, namu na farko ne. Daga baya na san cewa a Zariya ya rubuta su tun shekarun 1930, shi ne kuma editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Abin da ya fi tsaya mini shi ne shekarar rasuwarsa, 1981. Shekarar da kawuna ya tsinci littafin a tasha ke nan. Wato duk daren da Baba ke raba addu'arsa biyu, rabin na biyu ne ke tafiya inda ake bukatarsa, daga bakin wani baduku a wata ƙasa wanda bai ma san sunan mamacin ba. Na sayi littafin da kuɗin da na ware na tsaraba. Sai dai na kasa karanta wa kowa shi a fili. Ni kaɗai nake buɗe shi, in zan yi tafiya kuma in jefa shi a jaka.

A 1993, ina sabon mushe, na aro littafin Abdullahi Mamani mai suna Sarraounia a laburaren cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar. Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899, rundunar da ragowarta ta iso Damagaram a shekarar, ta yi yaƙin Tirmini da mutanen Sarki Amadu Kuran Daga. Littafin ya girgiza ni, don ban taɓa karanta tarihin ƙasata daga bakin namu ba. Na ji mutane na cewa marubucin yana nan garin, sai na zauna na rubuta masa wasiƙa mai shafi uku, da niyyar in nemi gidansa in miƙa da hannuna. Kullum sai in ce bari in gyara Faransancin tukuna, bari hutu ya zo. Ranar da na mayar da littafin laburare na ji labarin ya rasu a haɗarin mota a hanyar Damagaram zuwa Yamai. Wasiƙar tana aljihuna a lokacin. Na fito na zauna a inuwa, ba shi kaɗai nake wa kuka ba. Karo na biyu ke nan ina riƙe magana ina jiran gobe, har mai maganar ya tafi.

Shekarar 2005 ma ta yunwa ce. Fara ta ci amfanin gona a daminar da ta gabata, ruwa kuma ya ɗauke da wuri, hatsi ya yi tsadar da talaka ba ya iya tiya ɗaya, mutane suka koma cin anza. Da hutu aka tura wasunmu malamai ƙauyukan Damargu mu taimaka da rubuta sunayen magidanta saboda rabon abinci. Muka sauka a tashar Tanut, kusan kilomita 150 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas. Ina saukowa daga mota igiyar jakata ta maƙale a ƙofa ta tsinke. Takardun aiki ne a ciki, ba yadda zan yi in shiga ƙauyuka da ita a hammata. Wani yaro ya nuna mini rumfar baduku a bayan kasuwa.

Dattijo ne mai furfura a gemu, da tabarau ɗaure da zare. Muka gaisa, ya ce in zazzage kayan ciki. Littafin Kano ya faɗo a kan tabarma tare da takardu. Ya dube shi ya ce, "Mushe, wannan na Hausa ne?" Na ce e, na wani aku ne mai ba da labarai. Hannunsa ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba da aiki bai ce kome ba.

Ina zaune ina kallon basillarsa tana shiga tana fita. Layi ɗaya, ya dawo ya jera na biyu, ya kai kusurwa ya yi ɗan ƙulli. Na ce, "Malam, ɗinkinka irin na mahaifina ne." Ya ce, "Allah?" Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Wataƙila matan da na gani a tasha riƙe da yara ƙashi da fata, wataƙila don ina ganin baƙo ne wanda ba zan sake haɗuwa da shi ba. Na ce masa mahaifina ya taɓa yi wa irin littafin nan riga da jar fata, na sace shi a shekarar El Buhari na sayar, na ci kuɗin a bayan dutse, na yi masa ƙarya, ya rasu ban nemi gafararsa ba. Na faɗi duka, ban rage kome ba.

Ya cire tabarau ya ajiye. Sai ya kira ni da sunan da ba a kira na da shi sai a cikin gidanmu.

Yaron rumfar Baba ne. Shekara 18 rabona da shi. Ya yi Agadas, ya yi Arlit, ya dawo Tanut ya yi aure ya zauna. Ya ce tun da na ambaci aku ya gane muryata, amma ya danne. Ya ce, "Ɗan maigida, zauna nan, kada ka motsa." Ya bar ni da rumfa ya tafi gida. Da ya dawo yana riƙe da wani ƙunshi cikin tsohon zane. Kafin ya gama kwancewa na hango jan.

Ya ba ni labari. Alhamis ɗin da ta biyo, sun je Dole da Baba ko za su sami mai sayen alabe, Baba ya hango ɗinkinsa a kan shimfiɗar mai takardu. Ya tsuguna ya ɗauka, ya tambayi wanda ya kawo, aka kwatanta masa ni. Mai takardu ya ce sai dala sittin. Baba ya kwance bakin aljihu ya biya. A hanya ya ce wa yaronsa ya riƙe bakinsa, ya kai littafin rumfa ya sa ƙarƙashin fatu. Shekara uku ina shiga rumfar nan ina fita, ina zama a kan tarin fatun. Da ciwon ajali ya kama Baba ya kira yaron ya danƙa masa, ya ce, "Kada ka ba shi sai ranar da ya ɗauko maganar da bakinsa. In ka ba shi kafin nan, kunya ka ba shi. In ya faɗa da kansa, to ka ba shi abinsa."

Na ce, "Yaya, amma bai san ni kaɗai na ci ba."

Ya ce, "Birni ce fa. Me ke ɓoyuwa a Birni? Ya sani tun ranar."

Ya buɗe mini cikin bangon baya. Akwai rubutun Baba, layi uku, tawadar ta koɗe. Ajamina ba mai ƙarfi ba ne, idona kuma ya cika, sai shi ya bi da yatsa yana karanta mini: "Na fanso shi dala sittin ranar Alhamis. Yunwa ce, ba halinsa ba ne. Na yafe duniya da lahira."

Na sha lissafa abubuwan da suka haɗu kafin in zauna a tabarmar nan. Da farko Magarya aka rubuta za a tura ni, wani abokin aiki ya roƙe ni muka yi musanya saboda matarsa na gab da haihuwa. Jakar ta yi shekara biyar ba ta taɓa tsinkewa ba. Dukawa ba ɗaya ba ne a kasuwar Tanut. Da na bar littafin Kano a gida, da gaisuwa kawai za mu yi in biya in tafi. Abokin da muka yi aikin tare ya ce katari ne, a cikin dubban tafiye-tafiye dole wata rana a yi arashi. Ban yi masa musu ba, mutum ne mai hankali. Amma shi Baba sharaɗi ya gindaya, kuma sharaɗin sai da ya cika a gaban mutum ɗaya tak a duniya da ke riƙe da amanar, ni kuwa ban san ko wane ne ba. Wannan wurin ne lissafin katari ya kasa shigar mini. Ƴata da ke karatu a jami'ar garin nan, jami'ar da aka sa wa sunan André Salifou, ɗan Damagaram da ya rubuta tarihin masarautarta, ita ta matsa mini in rubuta labarin nan, ta ce na riƙe magana sau biyu, kada in yi na uku.

Dattijon ya ƙi karɓar kuɗin gyaran jaka. Na yi mako uku a ƙauyuka da littafin a ƙirjina, sannan na dawo gida. Inna tana raye a lokacin, idonta ya fara rauni. Bayan lisha na durƙusa gabanta na sa mata shi a hannu ban ce kome ba. Ta shafa fatar, yatsanta ya bi ɗinkin har kusurwa.

Ta ce, "Ya dawo ke nan."

Na ce, "Inna, kin sani?"

Ta ce, "Yaya ba zan sani ba? Kuɗin hatsin ranar ne ya ba da. Ya dawo hannu wofi, na yi masa faɗa irin wanda ban taɓa yi ba, na ce yara za su kwana da yunwa saboda takarda. Ya ce mini hatsi gobe ma a nema, amma in littafin nan ya bar garin, yaron ba zai ƙara iya kallon idonsa ba. Ka tuna daren da na ɗora tukunya da ruwa zalla har kuka yi barci?"

Na tuna. Ni ma ina cikin waɗanda suka yi ta tambaya ko ya dahu.

Muka yi shiru. Can ta ce in kira matata da yara, a shimfiɗa tabarma. Na bi gefen shafuka ina neman rubutun Baba na ƙarshe, na same shi wajen tsakiyar littafi, an rubuta daren Laraba. Daga nan na ɗora. Na kai wani wuri murya ta sarƙe mini, na karanta wata kalma a karkace. Daga inda take zaune a duhu Inna ta gyara mini, na maimaita, na ci gaba.